Na'urorin da ke ƙirga numfashin ɗan Adam

Saurin numfashi na daga cikin alamomin farko da ke nuna cewa jiki ya fara galabaita. Baligi mai ƙoshin lafiya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a cikin minti ɗaya.

To amma ƙirga shi da ido abu ne mai wuya, musamman ma ga yaron da ke kuka ko mutsu-mutsu. Wannan ne ya sa aka ƙera ƙananan na'urorin da ake ɗaurawa a jiki.

Wasunsu ɗamara ce da ke miƙewa duk lokacin da ƙirji ya buɗe, wasu kuwa motsin ciki suke aunawa. Da damansu na aika sakamakon zuwa wayar salula ko kwamfutar likita ta hanyar Bluetooth, ba tare da igiyar waya ba.

Inda aka fi buƙatarsu shi ne wajen gano cutar limoniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta hallaka yara 'yan ƙasa da shekaru biyar fiye da 740,000 a shekarar 2019. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna.

A ƙa'idar hukumar, numfashi 50 a minti ga jariri ɗan wata biyu zuwa 11, ko kuma 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alama ce ta cutar. Ke nan kuskuren ƙirga kaɗan na iya sa a sallami yaro ba magani.

Don haka ne asusun UNICEF ya gwada na'urar ChARM ta kamfanin Philips, wadda ake ɗaura wa yaro a ciki, a ƙasashen Habasha da Nepal.

Sai dai akwai abin lura game da na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a jini, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970.

Da haske take aiki, kuma launin fata na iya ruɗar ta. Wani binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa takan kasa nuna ƙarancin iskar a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi ga farare.

A shekarar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince agogunan Samsung da Apple su riƙa gargaɗin mai su idan numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko da yake tabbatar da ciwon sai an je asibiti.