Captain America: Ɗan Kishin Ƙasa Ko Ɗan Amshin Shata?

Jama'a, masoya littattafan zane na Amurka sun daɗe suna gardama kan Captain America. Wasu sun ce kakakin soja ne kawai. Ni dai ban yarda ba.

Joe Simon da Jack Kirby, dukansu Yahudawa, su suka ƙirƙiro shi. Bangon fitowar farko, ta Maris 1941, ya nuno shi yana naushin Hitler, alhali Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai Disamba. A 1974 kuma, zamanin badaƙalar Watergate, marubuci Steve Englehart ya sa ya tuɓe rigar tuta, ya koma Nomad, marar ƙasa.

Kun ga ke nan, da fari ya riga gwamnati, daga baya ya juya mata baya. Ɗan amshin shata kuwa ba ya haka.