Rushewar Bankin UT a Gana

Ranar 14 ga Agusta 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin bankin UT da na Capital. Mutane da yawa sun yi mamaki, domin UT ya yi suna wajen ba ƙananan 'yan kasuwa rance cikin gaggawa. Ashe basussukan da aka ci ba a biya ba sun riga sun cinye jarinsa, har abin da ake bin sa ya zarce dukiyarsa. Masu ajiya dai ba su yi asara ba, don bankin GCB ya karɓi ajiyarsu gaba ɗaya. Amma gwamnati ce ta cike giɓin da kuɗin jama'a, saboda hukumar inshorar ajiya ba ta fara aiki ba sai 2019.