WAƊANDA BA SA TASHI LOKACIN JIBIN UBANGIJI



Duk wanda ya taɓa shiga sujada a majami'ar Katolika, ko a Haɗeja ko a wani gari na ƙasarmu, ya san lokacin nan da jama'a suke tashi layi layi zuwa gaban bagade domin karɓar Jibin Ubangiji. Ya kuma san akwai waɗanda ba sa tashi. Sukan janye ƙafa a ba masu wucewa hanya, su sunkuyar da kai. Waɗansu baƙi ne, waɗansu ba su sami zuwa furta zunubi wurin Fada ba. Amma akwai waɗanda shekara goma suna nan zaune, kowa kuwa ya san dalili: maigida mai mata biyu, da matarsa ta biyu. Yau muna so mu bi sawun wannan zama, mu ga inda ya samo asali.

Manzo Bulus ne ya fara kafa iyaka. A 1 Korantiyawa sura 11 ya gargaɗi kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar, a sura 5 kuma ya umarci ikkilisiya ta ware wani mutum da ya ɗauki matar ubansa. Ku lura, abu biyu ne. Na fari hukuncin da mutum yake yi wa kansa ne a ɓoye. Na biyu kuwa hukuncin jama'a ne a kan laifin da ya fito fili. Har yau dokokin Katolika, waɗanda aka sabunta a 1983, suna riƙe da wannan rabo. Doka ta 916 tana magana da mai zunubin kansa, kada ya matso sai ya furta. Doka ta 915 tana magana da mai rarrabawa, kada ya ba wanda ya nace cikin babban zunubi na sarari, ya ƙi juyowa.

Labarin da aka fi tunawa ya faru a shekara ta 390. Mutanen Tasalonika sun kashe wani babban hafsan soja, sai sojojin Sarkin Roma Tiyodosiyas suka rama a kan talakawa, suka karkashe dubbai, mai laifi da marar laifi. Ambros, Bishop na Milan, ya rubuta wa sarki wasiƙa da hannunsa, domin kada wani ya karanta. Ya tuna masa da Dawuda da annabi Natan, ya ce ba zai miƙa hadaya ba muddin sarki yana cikin majami'a bai tuba ba. Masu zane sun fi son su nuna Ambros ya tare ƙofa yana korar sarki, amma wannan ƙarin marubutan baya ne. Abin da ya tabbata shi ne wasiƙar sirri, da sarkin da ya ajiye kayan sarauta ya nemi gafara a gaban jama'a, aka kuma karɓe shi. An hana shi ne domin a komo da shi.

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ƙara wani shinge, wannan karo a gaban firist. Ya koyar cewa idan zunubin mutum a ɓoye yake, ya kuwa zo cikin layi, ba a hana shi, ko da firist ya sani. Sai dai ya ja shi gefe ya yi masa gargaɗi. Hujjarsa ita ce Yahuza, gama a ganinsa Ubangiji bai tona shi a teburi ba. Wato firist ba alƙalin zuciya ba ne.

To, a nan ne auren mata da yawa ya zama abu mai wuya, domin ba ya ɓoyuwa. Mai cin riba da mai zaluntar 'yan ƙwadago a gonar shinkafa suna iya shiga layi ba wanda ya ce uffan. Mai mata biyu kuwa, gidansa ne yake ba da shaida a kansa.

Ba a ƙasar Hausa aka fara wannan tambaya ba. Sa'ad da bishara ta isa Meziko, masu wa'azi sun tarar da manyan mutane da mata da yawa. A 1537 Paparoma Bulus na Uku ya yanke cewa mai neman baftisma ya riƙe matarsa ta fari, in kuwa ya manta wace ce ta fari, ya zaɓi ɗaya. (Muna zaton an sami masu mantuwa da yawa a shekarun nan.) A 1571 Paparoma Piyus na Biyar ya yarda mutum ya zauna da wadda ta karɓi baftisma tare da shi. Daga nan ne doka ta 1148 ta yau ta fito: in zama da uwargida ya yi wa mutum wuya ƙwarai, ya riƙe ɗaya daga cikin matan, ya sallami sauran. Bahaushe ya san inda wannan ƙofa take kaiwa, gama mowa za a riƙe, a sallami bora. Dokar ta ɗora wa bishop nauyin ya tabbata an biya bukatun waɗanda aka sallama bisa ga adalci da ƙauna. Wannan sashe ne aka fi saurin tsallakewa.

Sauran ikkilisiyoyi ma sun sha wannan gardama. Bishop Samuel Ajayi Crowther bai yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma ba. Taron bishop-bishop na Angalikan a Lambet, can Ingila, ya yanke a 1888 cewa irin wannan mutum ya tsaya a ajin masu koyo har ya rabu da sauran matan. Shekara 100 cif bayan haka, a 1988, taron ya sauya magana, bisa roƙon bishop-bishop na gabashin Afirka. Aka ce a yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, kada a tilasta masa ya kori ko ɗaya, amma ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin matansa suna da rai, jama'ar wurin kuma su yarda. Katolika ba ta bi wannan hanya ba.

A ƙasarmu maganar ta yi nauyi tun daga shekarun 1970, lokacin da Maguzawa da yawa na ƙasar Kano da Katsina suka karɓi bishara gida gida, da yawansu kuwa da mata fiye da ɗaya. Jihar Jigawa, wadda aka kafa a 1991, tana ƙarƙashin Dayosis na Kano, wanda ya cika dayosis a 1999 a hannun Bishop Patrick Sheehan. A 2008 Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi. Saboda haka dokar da take aiki a Roma ita ce take aiki a Haɗeja da Malam Madori. Ta kuma bambanta mutum biyu. Akwai wanda bishara ta same shi da matansa, shi baftisma yake jira. Akwai kuma wanda aka ɗaura masa aure a majami'a, sa'an nan kaka ta yi kyau a fadama, ya sayar da shinkafa da tattasai, ya ƙaro amarya. Wannan na biyu shi ne doka ta 915 take dubawa, mu ma ba mu ga abin da za a ce a kāre shi ba.

Amma amaryar fa? Sau da yawa ba ita ta zaɓa ba, iyaye ne suka bayar da ita. In ta fita, ina za ta, wa zai riƙe 'ya'yan? In ta zauna, ba ta tashi lokacin Jibi. Ita ce ta fi kowa zuwa zumuntar mata, ita ce mai share majami'a ranar Asabar. Wanda ya kira ta marar tuba ya faɗi abin da dokar kanta ba ta ba shi ikon sani ba.

Taron Sinod na Roma a 2023 ya roƙi ƙungiyar bishop-bishop na Afirka, wato SECAM, ta zauna a kan wannan batu. A 2024 shugabanta, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ya shaida wa taron cewa koyarwar aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya tana nan daram, abin da suke nema shi ne yadda za a yi kiwon waɗanda suke cikin irin wannan gida. 'Ya'yan matar ta biyu dai ba abin da ya hana su baftisma. Ran Lahadi sukan tashi su shiga layi, uwarsu ta janye ƙafa su wuce.