Lokacin Da Rediyo Ke Hana Amurkawa Barci

Jama'a, kafin talabijin ya shiga gidajen Amurka, akwatin rediyo ne sarkin hira. Daga wajen 1930 zuwa 1962, da an ci tuwon dare sai iyali su kewaye shi suna sauraron wasannin ban tsoro da na 'yan sandan ciki.

Akwai The Shadow, wanda ya zama cikakken wasa a 1937, Orson Welles ne ya fara ɗaukar muryar jarumin, mutumin da ke ɓacewa daga idon miyagu. Inner Sanctum kuwa, daga 1941 zuwa 1952, da ƙarar tsohuwar ƙofa yake buɗewa. Amma gagarabadau shi ne Suspense na gidan CBS, wanda ya fara a 1942 ya kuma yi wasa sama da 900.

A cikinsa ne aka yi "Sorry, Wrong Number" a 1943, Lucille Fletcher ta rubuta, Agnes Moorehead ta taka. Wata mata ce kwance ba lafiya, layin tarho ya harɗe, ta ji mutum biyu suna shirya kisan kai. Ta kira 'yan sanda, ba wanda ya kula ta. Ashe ita ce za a kashe! Duk wannan ba hoto ko ɗaya, sai murya da dabara. Da ɓawon kwakwa ake yin takun doki, da fallen kwano ake yin tsawa, sauran kuma zuciyar mai sauraro ke ƙarasawa.

To, wa ke biyan kuɗin? 'Yan kasuwa ne masu talla. Kamfanin gawayin Blue Coal ya ɗauki nauyin The Shadow, masu shayin Lipton suka riƙe Inner Sanctum na wani lokaci, Autolite suka riƙe Suspense. A 1950 gidan da ke da talabijin a Amurka bai kai 1 cikin 10 ba, amma a 1960 ya kusa 9 cikin 10. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: masu talla suka bi jama'a. Ranar 30 ga Satumba, 1962, aka yi Suspense na ƙarshe tare da Yours Truly, Johnny Dollar.

Ba gwaninta ce ta ƙare ba, masu biya ne suka tashi. Da yawa daga cikin wasannin na nan a intanet, mai jin Turanci sai ya kashe fitila ya gwada.