Shawara da Hukunci: Tarihin Hukumomi da Kwamitocin Birnin New York, 1898–2018

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin yadda aka kafa wasu hukumomi da kwamitocin birnin New York na ƙasar Amurka, tare da duba ayyukansu da ƙa'idojin naɗa mambobinsu. An gano cewa kusan kowace hukuma ta samo asali ne daga wata matsala da ta addabi birnin, kuma sharuɗɗan zama mamba suna nuna waɗanda birnin ya amince wa a wancan zamani. An kuma lura cewa ikon zartar da hukunci ya fi tattaruwa a hannun waɗanda magajin gari ke naɗawa, yayin da aka bar wa mazauna unguwanni ikon ba da shawara kawai.

Fitilun Kalmomi: mulkin birni, kwamitocin unguwanni, tsara birane, wakilci

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin mulkin birane sun fi karkata ga magajin gari da kansiloli, domin su ne ake zaɓa. Sai dai al'amura da dama da suka shafi rayuwar mazauna birni, kamar tsawon gini da wurin kafa masana'anta da rushe tsohon gida, a gaban wasu hukumomi ake warware su, waɗanda naɗa mambobinsu ake yi. Hukumomin nan iri biyu ne: masu yanke hukuncin da ya zama dole a bi, da masu ba da shawarar da za a iya ɗauka ko a yi watsi da ita. Birnin New York ya dace da irin wannan nazari saboda ya gwada duka biyun tun 1898, lokacin da aka haɗe gundumomi biyar, wato Manhattan da Brooklyn da Bronx da Queens da Staten Island, suka zama birni guda.

2.0 Zamanin Ƙwararru

A 1915 aka kammala ginin Equitable a kan titin Broadway, mai hawa kusan 40, wanda ya miƙe sama tun daga bakin titi har ya tare wa maƙwabtansa hasken rana. A daidai lokacin kuma manyan 'yan kasuwar titin Fifth Avenue suna kokawa da yadda masaƙu da ɗakunan ɗinki ke matsowa kusa da kantunansu. Waɗannan koke-koke suka taimaka wajen samar da dokar rarraba filaye ta 1916, wadda ta kasa birnin zuwa yankunan zama da na kasuwanci da waɗanda ba a ƙayyade amfaninsu ba, ta kuma wajabta wa dogayen gine-gine su riƙa tsukewa idan sun kai wani tsayi.

Tun da doka ɗaya ba za ta dace da kowane fili ba, a wannan shekarar aka kafa Hukumar Ƙa'idojin Gini da Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da ikon sassauta dokar ga mai filin da ta ƙuntata wa. A tsarinta na yanzu tana da mambobi 5 da magajin gari ke naɗawa na shekara 6, kuma dole a samu masanin zanen gini da injiniya da masanin tsara birane a cikinsu.

Wannan dogaro da masana ya ƙara ƙarfi a zamanin Magajin Gari Fiorello La Guardia. Kundin tsarin birni na 1936 ya samar da Hukumar Tsara Birni mai mambobi 7, wadda ta fara aiki a 1938. Manufar ita ce a raba tsara birni da siyasar ubangida. Amma masanin tattalin arziki Rexford Tugwell, wanda ya shugabance ta a farkon shekarunta, ya sha adawa kan babban tsarin da ya zana wa birnin, musamman daga Robert Moses, ya kuma bar kujerar a 1941. Daga baya Moses ɗin ya zama mamba a hukumar, alhali yana riƙe da wasu muƙamai masu kula da gadoji da hanyoyi da wuraren shaƙatawa. Ke nan mai kawo aiki ya zauna cikin masu tantance aikin.

3.0 Martanin Unguwanni

Illar hakan ta fito fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Babbar hanyar da ta ratsa Bronx, wadda aka fara a 1948, ta tashi dubban iyalai, kuma koken mazauna unguwar East Tremont na a karkatar da ita bai yi tasiri ba. A Manhattan kuwa, marubuciya Jane Jacobs da maƙwabtanta sun yi nasarar daƙile wata hanyar da aka shirya ratsawa ta kudancin gundumar.

Tun a 1951 Robert Wagner, yana shugaban gundumar Manhattan, ya kafa majalisun tsare-tsare 12 domin su riƙa ba shi shawara. Kundin da ya fara aiki a 1963 ya faɗaɗa tsarin zuwa sauran gundumomi, sannan gyaran 1975 ya ba su siffar da aka san su da ita a yau: kwamitocin unguwanni 59, kowanne da mambobin da ba su wuce 50 ba, ba tare da albashi ba. Shugaban gunduma ne ke naɗa su na shekara 2, rabinsu daga sunayen da kansilolin yankin suka miƙa. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya kasance mazaunin birnin da ke zaune a yankin, ko yana aiki a can, ko yana da wani muradi mai ƙarfi a cikinsa.

Wani rashi na daban ya haifar da wata hukumar. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, ɗaya daga cikin gine-ginen da birnin ke alfahari da su. A 1965 Wagner, wanda ya riga ya zama magajin gari, ya sa hannu a dokar da ta ba Hukumar Adana Gine-ginen Tarihi ikon hana rushe gini ko sauya fasalinsa. Mambobinta 11 ne, kuma doka ta tanadi aƙalla masanan zanen gini 3 da masanin tarihi da dillalin gidaje, da mazauni ɗaya daga kowace gunduma. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan iko a shari'ar tashar Grand Central.

Kwatanta waɗannan biyu yana da amfani. Dukkansu sun fito ne daga fushin jama'a a zamani guda. Wadda aka cika da ƙwararru an ba ta ikon hani, wadda aka cika da mazauna unguwa kuma aka ba ta kwana 60 ta saurari jama'a ta rubuta ra'ayinta a kan duk wani babban sauyin amfani da fili, ra'ayin da bai ɗaure kowa ba.

4.0 Rushewar Hukumar Kasafi

A saman duk waɗannan akwai Hukumar Kasafi, wadda ke da ta cewa a kan kasafin kuɗi da kwangiloli da filaye. Magajin gari da kwanturola da shugaban majalisar birni suna da ƙuri'a bibbiyu, shugabannin gundumomi biyar kuma ɗai-ɗai. Hakan na nufin Brooklyn mai mutane fiye da miliyan 2 tana da ƙuri'a daidai da ta Staten Island da ba ta kai mutum 400,000 ba. A watan Maris na 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar Morris, cewa wannan ya saɓa wa ƙa'idar daidaiton ƙuri'a. Sabon kundin da aka amince da shi a ƙarshen shekarar ya rushe hukumar, ya mayar da yawancin ikonta ga magajin gari da majalisar birni, wadda aka ƙara kujerunta daga 35 zuwa 51. An kuma faɗaɗa Hukumar Tsara Birni zuwa mambobi 13, amma 7 daga ciki, har da shugaban, magajin gari ne ke naɗa su, wato rinjaye bai bar hannunsa ba.

5.0 Kammalawa

Bai kamata a ɗauka cewa shawarar kwamitocin unguwanni aikin banza ba ce. Kansila kan yi tunani kafin ya goyi bayan aikin da kwamitin yankinsa ya ƙi, kuma masu gine-gine kan rage tsayi ko su ƙara gidaje masu sauƙin haya domin samun yardarsa. Tambayar da ta rage ita ce ta su wane ne ke zama a kujerun. An daɗe ana sukar cewa masu gidajen kansu da tsofaffin mazauna sun fi 'yan haya da baƙin da suka zo daga baya yawa a kwamitocin, lamarin da ya shafi al'ummomi irin na 'yan Afirka ta Yamma da ke Bronx, ciki har da masu jin Hausa daga Ghana da Nijar. Wannan suka na cikin dalilan da suka sa masu zaɓe suka amince a 2018 da taƙaita zaman mamba zuwa wa'adi 4 a jere, wato shekara 8. Gyaran ya buɗe kujeru ga sababbin mutane, amma bai taɓa iyakar da aka shata a 1975 tsakanin mai ba da shawara da mai yanke hukunci ba.