Nazari kan Kayan Tare Zafi a Rufin Mota Yayin Sauya Silin

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta kayan da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfen rufin mota da silinta, ta fuskar tare zafi da jure danshi da wuta. Ta nuna cewa a yankin Sahel soso mai rufaffun ƙofofi ya fi dacewa, muddin an liƙa shi da gam mai jure zafi.

Gabatarwa

Silin mota hawa uku ne: allo mai tauri, da siririn soson foliyuretan, sai yadi. Zafi da danshi kan ruɓar da soson ya koma gari, yadin ya saki ya sauko a kan fasinja. Motocin kwatano sun riga sun kwana biyu kafin su iso, sannan su gamu da ranar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40. Ranar da mai ɗinkin kujeru ya sauke allon ne kaɗai ake ganin ƙarfen a fili, don haka bai kamata a bar damar shimfiɗa abin tare zafi ta wuce ba.

Kwatanta kayan

Ƙarfen rufi bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma a ma'aunin gudanar zafi yana da maki kusan 50, alhali iska mai zaune wuri ɗaya tana da 0.026. Ke nan aikin kowane abin tare zafi shi ne ya tsare iska.

A nan ake yawan kuskure da butil, wato baƙar robar nan mai bayan alminiyom. Aikinta kashe girgizar ƙarfe da ƙarar ruwan sama ne. Ba ta ɗauke da iska, sai nauyi. Shi ma farin alminiyom yana mayar da kusan kashi 95 cikin ɗari na hucin da ya doke shi, amma sai akwai sarari a gabansa. In aka matse shi tsakanin ƙarfe da allo, zafi ya ratsa shi kai tsaye. Abin takaici ne a ga direban haya ya zuba kuɗin gumi a kan butil don tare zafi.

Soson foliyetilin mai rufaffun ƙofofi yana da maki kusan 0.035 zuwa 0.04, kuma ba ya shan ruwa. Bargon zaren rama yana hana ƙara, amma yana riƙe danshin damina har tsatsa ta kama rufin. Thinsulate na kamfanin 3M da soson melamin suna da inganci, sai dai tsada. Soson katifa kuwa a guje shi: ƙa'idar Amurka ta FMVSS 302 ta hana kayan cikin mota cin wuta fiye da milimita 102 a minti ɗaya, shi kuwa ba don mota aka yi shi ba.

Iyakar amfanin

Binciken McLaren da Null da Quinn na 2005 a mujallar Pediatrics ya gano cewa zafin motar da aka ajiye a rana kan ƙaru da kusan digiri 22 cikin awa guda. Ta gilashi yawancin hucin ke shiga, don haka soson rufi ba zai sa a iya barin yaro a rufaffiyar mota ba. Amfaninsa na ga mai tafiya: hucin da ke sauka a ka ya ragu, na'urar sanyaya mota ta samu sauƙi.

Wajen aikin, a kankare tsohon garin soson tas, a nemi gam da aka yi don silin mota, domin na masu gyaran takalmi kan yi laushi a rufin da ya sha rana. Kada shimfiɗar ta toshe jakar iska ta gefe ko bututun zubar ruwa na tagar rufi.