Badalar Kano: Igwa Ta Kasa, Mu Muka Iya

Yau tarihi zan ɗan taɓa mana, amma bari in fara da abin da ya jawo shi.

A falonmu na Silver Spring, nan jihar Merilan, akwai wani tsohon hoto da Baba ya rataye tun ban san kaina ba. Shi ne a ciki yana saurayi, ya hau kan badala da abokansa, a bayansu ana hango dutsen Dala. Da aka kai ni Kano hutu, abin da na fara roƙon Kawu shi ne ya nuna mini wurin. Muka tsaya a bakin titi, ya nuna wani jerin shaguna ya ce, "Ga shi nan." Na ce, "Kawu, ina ganuwar?" Ya yi dariya ya ce, "Ai kana kanta."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Da na dawo sai na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da ruwan sha. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, ana rufewa da dare: Ƙofar Mata, Ƙofar Ruwa, Ƙofar Nassarawa, Ɗan Agundi, Kabuga, Na'isa da sauransu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, sojojin Ingila suka zo da igwa. Harsashi ya yi ta nutsewa a cikin jar ƙasa, jikin ganuwar bai fashe ba, sai ƙofa suka fasa suka shiga. A wancan lokacin tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa wajen ƙafa 40.

To me ya cinye abin da igwa ta kasa? Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: duk damina tana lasarsa, don haka dole a riƙa yaɓe. A da aikin gari ne, a kasa wa unguwanni da ƙauyuka, kowa da ɓangarensa. Kada mu yi wa tarihi kwalliya, cikin masu wannan aiki akwai bayi da talakawan da ba a tambayi ra'ayinsu ba. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rasa amfaninta na tsaro, yaɓe ya tsaya. Daga nan sai ruwan sama, sai masu ɗibar ƙasa su yi tubali, sai juji, sai masu yanka filaye. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da siminti.

Wani zai ce, ba ga UNESCO nan ba? Nan ne garinmu na Washinton ya shigo labarin. A 1965, a wani taro da Fadar White House ta kira, aka ba da shawarar a kafa wata amana ta duniya da za ta kare wuraren tarihi da na halitta gaba ɗaya. Shawarar ta haɗu da darasin ceto gine-ginen Abu Simbel na Masar daga ruwan dam ɗin Aswan, aka samu yarjejeniyar 1972. Amurka ce ƙasar farko da ta amince da ita a 1973. Yau wuraren da ke cikin jerin sun haura 1,200, amma Najeriya biyu kacal gare ta: Sukur a Adamawa (1999) da kurmin Osun na Osogbo (2005). Nijar tana da uku, ciki har da tsohon garin Agadas (2013) mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27. Ganuwar Kano, tare da Dala da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, an sa su a jerin masu jira tun 2007, ba su kuma ƙetare ba.

Ko da sun ƙetare, shiga jerin ba laya ba ne. Timbuktu tana ciki tun 1988, amma a 2012 masu ɗauke da makamai suka rusa hubbarorin waliyyanta. Gaskiya ne a 2016 kotun duniya ta ICC ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 kan wannan ɓarna, an kuma sake gina hubbarorin. Amma su wa suka gina? Maginan garin ne, waɗanda suka gaji sana'ar. Haka a Djenne, can Mali: masallacin yana tsaye ne saboda duk shekara gari yana fitowa kwansa da kwarkwata a yi yaɓe, kamar ranar sallah. Takarda daga Faris ba ta kwaɓa ƙasa.

Kada kuma a ɗauka maganar ado ce kawai. A watan Agusta 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. A Satumba 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram. Ginin da aka daina kula da shi, in zai tafi, yakan tafi da rayuka.

Na kawo wa Baba duk wannan ina cika baki, ina zagin masu rusawa. Ya bari na gama sannan ya ce, "Shagon kawunka da ka tsaya a gabansa, kuɗin wa ya gina shi?" Na yi shiru. Ya ce, "Ni na aika, daga aikin dare. Da shi ake ciyar da Hajiya da 'ya'yan gwaggonka." Ni da nake hawa Metro in je gidan tarihin Smithsonian in kalli kayan Afirka cikin gilashi da sanyin AC, ina da bakin ce wa mai neman na abinci ya tashi? Gari ya cika ya tumbatsa, mutane suna buƙatar wurin zama da titi. Wannan gaskiya ce. Amma gaskiya ce kuma cewa dalolinmu suna cikin abin da ya ci badala.

Shi ya sa nake ganin mu da aka haifa a nan akwai abin da za mu iya. In za a aika kuɗin fili, mu tambaya a ina yake. Mu ɗauko tsofaffin hotunan iyayenmu mu adana su a kwamfuta, mu sa su faɗi sunan wuri da shekara tun suna da rai. In mun je hutu, kafin shagunan zamani, mu leƙa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, mu biya kuɗin shiga, mu sayi rini. Ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin bikin sallah a Merilan da Bajiniya, me zai hana su ɗauki nauyin yaro ɗaya ya koyi gini wurin tsohon magini? Ƙasa ba ta ƙare ba, hannun da ya iya ta ne yake ƙarewa.

Hoton Baba yana nan a bango. Na tambaye shi sunayen abokan da ke ciki da ƙofar da ta fi kusa, na rubuta a bayansa da biro. Kai ma in akwai irinsa a gidanku, sauke shi yau ka je ka tambaya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.